Da Yawun Jami'a: Nauyin da Ke Wuyan Mai Riƙe da Shafi

A watan Oktoban 2025 wani bidiyo da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira ya karaɗe wayoyin mutane a Najeriya. Iƙirarin da ke cikinsa ba ƙarami ba ne: wai tun cikin shekarun 1980 wasu masana a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya sun shiga wani shiri na ɓoye na tace yuraniyam domin ƙera makamin nukiliya, har da karɓar kayan aiki daga gungun A. Q. Khan, masanin nan na Pakistan. Sai da jami'ar ta fito, ta bakin sashenta na hulɗa da jama'a, ta warware zancen ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaryar ta samu wurin zama ne domin ta jingina da gaskiya. ABU na da Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi, kuma a can ne tukunyar nukiliya ɗaya tilo da Najeriya ta mallaka take. Amma 'yar ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta bai wuce kusan kilowat 30 ba. A 2004 ta fara aiki, ana gwajin ma'adinai da ƙasa da ita, ana horar da ɗalibai, kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya na sa mata ido. A 2018 ma an cire makamashin da aka tace sosai daga cikinta aka mayar da shi Sin, aka sa mata irin wanda ba a yin makami da shi.

Duk wanda ya zauna rubuta wannan martani sai ya san waɗannan abubuwa, ko ya san ofishin da zai ƙwanƙwasa ya same su. Sai ya tabbatar da shekaru, ya fassara maganar masana zuwa wadda kowa zai fahimta, ya samu amincewar magabata, alhali bidiyon yana ta tsallakawa daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Irin aikin da ake nufi ke nan idan aka ce mutum yana riƙe da kafafen sada zumunta a madadin jami'a. Daga nesa ana ganin kamar ɗora hotunan bikin yaye ɗalibai ne da gaisuwar barka da Juma'a. Daga kusa kuwa, hukunci ne mutum yake yankewa kowace rana da sunan wata cibiya mai ɗalibai dubbai, wadda ta girme shi da shekaru masu yawa.

Daga allon sanarwa zuwa tafin hannu

A ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Harvard aka haifi Facebook a watan Fabrairun 2004, kuma da farko sai mai adireshin imel na jami'a ke iya shiga. Ke nan ɗalibai sun riga hukumomin jami'o'i isa wannan fili, kuma har yau su ne masu rinjaye a cikinsa. Hukuma ce baƙuwa.

Kafin zuwan wayar hannu, jami'a na magana ta hanyoyi sanannu: takardar sanarwa da ake mannawa a allon tsangaya, mujallar cikin gida irin wadda Jami'ar Bayero ta Kano ke fitarwa mako-mako, sai kuma talla a jarida ko rediyo idan abin ya shafi jama'ar gari. Kowace sanarwa na da hanyar da take bi. Daga shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya, daga nan zuwa magatakarda, wani lokaci har teburin shugaban jami'a, ko ma a jira zaman majalisar malamai. Wannan jinkiri ba sakaci ba ne. Jami'a wuri ne da aka gina a kan tantancewa, kuma takardar da ta ɗauki tambarinta tana iya zama hujja a gaban kotu.

Matsalar ita ce, hanyar sanarwa ba ta canza ba, amma saurin jita-jita ya ninka. Abin da a da yake ɗaukar mako kafin ya fita daga Samaru ya isa Funtuwa, yanzu kafin a sallame sallar la'asar ya kai Legas da Jidda.

A fadar sarakunan ƙasar Hausa sankira ba ya ƙirƙirar magana. Abin da aka ce ya faɗa shi yake faɗa, jama'a kuma na tsayawa su saurara domin sun san inda ta fito. Mai riƙe da shafin jami'a yana kan irin wannan matsayi, sai dai shi jama'a na mayar masa da martani nan take, ɗaruruwa a lokaci guda, kuma sau da yawa ba ya tsaye kusa da mai ba da umarni. A wurare da dama ƙaramin ma'aikaci ne, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka lura ya iya waya, aka damƙa masa kalmar sirri. Yana da mabuɗin bakin jami'a, amma ba shi da ikon cewa ko "muna bincike" sai ya jira sa hannu. A nan ne mafi yawan ɓarnar take faruwa.

Watanni takwas na jiran sanarwa

Wanda ya yi karatu ko ya biya wa wani kuɗin makaranta a 2022 ba zai manta ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Tsawon waɗannan watanni takwas tambaya ɗaya ce a bakin ɗalibai da iyayensu: yaushe za a koma? Kuma duk inda tambaya ta yi yawa amsa ta yi ƙaranci, masu ƙirƙira sun samu kasuwa. Haɗa takardar bogi ba wuya gare shi. A ɗauko tsohuwar sanarwa mai tambarin jami'a, a goge kwanan wata, a sa sabon zance, a bar sa hannun magatakarda inda yake.

Abin da ya faru ranar 26 ga Satumban 2022 ya nuna cewa ko takardar gaskiya tana iya rikita mutane. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta aika wa shugabannin jami'o'in tarayya umarnin su buɗe makarantu. Kafin gari ya waye ta janye umarnin. Takardun biyu duk sahihai ne, duka kuma sun ci gaba da yawo a wayoyi, wani ya ga ta farko bai ga ta biyu ba. Ɗalibin da ke Yola yana karatu a Sakkwato, wanda kuɗin motarsa sai an sayar da tinkiya, ba ya buƙatar dogon sharhi a irin wannan rana. Layi biyu yake buƙata daga shafin da ya amince da shi: ga matsayin jami'armu zuwa ƙarfe kaza na yau, kada kowa ya taso tukuna.

Lokacin neman gurbin karatu ya fi wannan haɗari, domin a nan kuɗi ne ke fita daga aljihu. 'Yan damfara na buɗe shafi da sunan jami'a da hoton babbar ƙofarta, wani lokaci da sunan shugaban jami'ar kansa, su bi waɗanda suka yi tambaya a ƙarƙashin sanarwa su tura masu saƙo a asirce: akwai gurbi a likitanci ko lauya, turo kaza a wannan asusu. Tun 2017 hukumar JAMB ta shigo da tsarin CAPS, wanda ta cikinsa kaɗai ake ba da gurbi halastacce, ɗalibi kuma yana iya dubawa da kansa ya karɓa ko ya ƙi. Amma uban da bai taɓa jin sunan CAPS ba, mutumin da ya amsa masa tambaya shi zai yarda da shi. Idan shafin jami'a na gaskiya ya yi shiru a ƙarƙashin tambayoyi ɗari, na bogi shi zai amsa.

A da, shuɗiyar alamar nan da ke gefen suna tana taimakawa wajen rarrabewa. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 aka mayar da ita abin saye. Cikin makonni wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, da alamarsa shuɗiya, ya sanar da cewa insulin ya zama kyauta, sai da kamfanin ya fito yana ba da haƙuri kan abin da ba shi ya faɗa ba. A Afrilun 2023 aka ƙwace tsofaffin alamomin daga waɗanda ba su biya ba. Tun daga nan hanya mafi tabbas da ta rage wa jami'a ita ce ta jera shafukanta na gaskiya a shafinta na intanet mai ƙarewa da edu.ng, ta kuma buga su a kan takardar shiga makaranta da ɗalibi ke kaiwa gida.

Ranar da minti yake da daraja

Ranar 16 ga Afrilun 2007, da misalin ƙarfe bakwai da kwata na safe, aka harbe ɗalibai biyu a wani ɗakin kwana na jami'ar Virginia Tech a Amurka. Shugabannin jami'ar suka zauna taro. An ɗauka rikici ne tsakanin mutane biyu kuma maharbin ya bar harabar. Saƙon farko na gargaɗi bai fita ba sai ƙarfe 9:26, sama da awa biyu bayan harbin. Mintuna kaɗan bayan fitarsa maharbin ya buɗe wuta a wani ginin azuzuwa, ya kashe mutum 30. Jimillar waɗanda ya kashe 32.

Wannan rana ta canza dokar ƙasar. A 2008 aka yi wa dokar tsaron harabar makarantu, wadda ake kira Clery, kwaskwarima: dole jami'a ta sanar da mutanenta ba tare da ɓata lokaci ba da zarar an tabbatar da wani haɗari na gaggawa, dole kuma ta riƙa gwada tsarin sanarwar tata kowace shekara.

An ga sakamakon haka ranar 28 ga Nuwamban 2016 a Jami'ar Jihar Ohio. Wani ɗalibi ya kutsa da mota cikin mutane, ya fito da wuƙa ya fara sara. Cikin 'yan mintuna saƙo ya shiga wayoyin ɗalibai, ya kuma hau shafin Twitter na sashen agajin gaggawa na jami'ar: ga wurin, a gudu, a ɓuya, in ta kama a kare kai. Saƙon ya yi kuskure guda, domin ya ce akwai mai harbi, alhali maharin ba shi da bindiga, ƙarar da aka ji ta ɗan sandan da ya harbe shi ce. Amma dubban ɗalibai sun kulle ƙofofi, kuma an gyara bayanin daga baya. Jami'ar ta zaɓi ta yi sauri da ɗan kuskure maimakon ta yi daidai bayan awa biyu, kuma zaɓin ya yiwu ne domin tun kafin ranar an riga an rubuta irin saƙon, an kuma ba wasu mutane sanannu ikon tura shi ba tare da jiran taro ba.

Jami'o'in Arewa ba baƙi ba ne ga irin wannan rana. An kai hari kan masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilun 2012. Bam ya tashi a masallacin rukunin gidajen malamai na Jami'ar Maiduguri da asubahin 16 ga Janairun 2017, ya yi ajalin Farfesa Aliyu Mani. An sace ɗalibai a Jami'ar Greenfield ta Kaduna a Afrilun 2021. Ranar 22 ga Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen haya na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, suka tafi da ɗalibai, akasarinsu mata, kuma a kwanakin farko alƙaluman da ke yawo sun sha bamban da juna.

A irin wannan dare uwa a Talata Mafara ko Kontagora tana kiran wayar 'yarta ba ta shiga. Abu na biyu da za ta yi shi ne ta sa a duba mata me makarantar ta ce. Abin da ya kamata a tarar ba shi da yawa: an tabbatar da aukuwar abu, ga wurin, ga lambar da iyaye za su kira, za a sake magana ƙarfe kaza. Ba a sa sunayen waɗanda abin ya shafa kafin a sanar da danginsu, ba a kuma faɗin abin da zai ba masu garkuwa haske kan darajar wanda ke hannunsu. Wannan iyaka ce mai wuyar ja, kuma rashin adalci ne a bar wa ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai ya ja ta da ƙarfe uku na dare. Aikin shugaban jami'a ne da shugaban tsaro su zauna da shi tun ana zaman lafiya, a rubuta wa zai ce me, a kuma yarda cewa ba za a hukunta shi ba idan ya bi abin da aka rubuta.

Idan laifin na gida ne

Ƙaryata bidiyon bogi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da ranar da bidiyon gaskiya ne.

A Nuwamban 2011 wani jami'in 'yan sandan Jami'ar Kalifoniya reshen Davis ya fesa barkonon tsohuwa a fuskokin ɗaliban da ke zaune a ƙasa suna zanga-zangar lumana. Hoton ya zagaya duniya. Bayan fiye da shekara huɗu, a Afrilun 2016, jaridar Sacramento Bee ta bankaɗo cewa jami'ar ta biya kamfanoni aƙalla dala 175,000 domin su tura labarin can ƙasa a sakamakon binciken intanet, su kuma gyara sunan jami'ar da na shugabarta, Linda Katehi. Abin da aka so binnewa sai ya dawo sabo, hoton ya sake cika kafafen sada zumunta. A watan Agusta Katehi ta sauka daga muƙaminta bayan binciken da ya haɗa da wannan batu da wasu.

A gida kuwa akwai misalin da ya bi ta wata hanya. JAMB ba jami'a ba ce, amma ita ce ƙofar shiga kowace jami'a. Da ta saki sakamakon jarrabawar 2025 a watan Mayu, ɗalibai da iyaye suka cika X (Twitter a da) da Facebook da koke cewa wannan maki ba nasu ba ne. Da farko hukumar ta tsaya kan bakanta. Da kukan ya ƙi lafawa ta gayyato masana suka duba na'urorinta, ranar 14 ga Mayu kuma shugabanta, Farfesa Is-haq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa an samu matsala a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, ta shafi ɗalibai 379,997, kuma za su sake rubutawa. Ɓarnar da aka yi wa yaran ba ta gogu ba. Amma abin lura ga mai riƙe da shafi shi ne, koken da ya cika ƙarƙashin sanarwa ba hayaniya ba ce da za a toshe. Shi ne ya fara nuna inda matsalar take, kafin injiniyoyi su gano ta. Rabin aikin shafi saurare ne, da kai abin da aka ji teburin wanda zai iya gyarawa, ko da ba zai so ji ba.

Haka aka gani a Oktoban 2019, lokacin da sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da rahotonsa kan malaman da ke neman ɗalibai mata da lalata a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Bayan fitarsa mata da yawa daga makarantu daban-daban suka fara ba da nasu labarin a fili, suna ambaton jami'o'insu. Saƙon da ɗaliba ta turo a asirce ga shafin jami'a tana ƙarar malami ba abin da mai riƙe da shafi zai warware ba ne, ba kuma abin da zai share ba ne. Dole a samu hanya rubutacciya da zai miƙa shi ga kwamitin da ya dace, ba tare da sunan yarinyar ya bi ta hannun wanda take ƙara ba.

Akwai kuma kuskuren murya. A Fabrairun 2023, bayan an harbe ɗalibai uku a Jami'ar Jihar Michigan, wani ofishi a tsangayar ilimi ta Jami'ar Vanderbilt ya aika wa ɗalibansa saƙon jaje. A ƙasan saƙon aka bar layin da ke nuna ChatGPT ne ya tsara shi. Ɗalibai suka fusata, ofishin ya nemi gafara. Ba wanda ya ce akwai ƙarya a cikin saƙon. Abin da ya yi wa mutane ciwo shi ne a ranar makoki ba a samu mutum ɗaya da zai zauna ya rubuta da kansa ba. Bahaushen da ya san nauyin zuwa ta'aziyya da ƙafa ba sai an yi masa bayanin wannan ba.

Me jami'a za ta tofa baki a kai?

Kowace rana ana matsa wa shafin jami'a ya ce wani abu: kan zaɓe, kan yaƙi a wata ƙasa, kan rikicin addini, kan gwamnan da ya gina mata ɗakin taro. Tun 1967 Jami'ar Chicago ta fitar da rahoton da aka sani da sunan Kalven, wanda ya ce jami'a mazaunin masu suka ce, ba ita ce mai sukar ba. A Mayun 2024, bayan watanni na taƙaddama kan yaƙin Gaza, Harvard ta sanar da cewa ta daina fitar da matsaya kan al'amuran da ba su shafi ainihin aikinta kai tsaye ba. A jami'ar Najeriya, inda Musulmi da Kirista da ƙabilu da dama ke kwana ɗaki ɗaya, wannan kamun baki ya fi zama dole. Taya ɗan siyasa murna da shafin jami'a ana dab da zaɓe yana iya zama ƙaramin abu ga wanda ya ba da umarni, amma ɗaliban ɗaya ɓangaren sun gani, kuma za su tuna ranar da shafin ya ce su kwantar da hankali.

Kamun baki bai haɗa da yin shiru kan ɗalibinka ba. A Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda abin da ya rubuta a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi Abuja, sai a farkon Disamba aka janye ƙarar bayan ƙungiyoyin ɗalibai da na kare haƙƙi sun ta da murya. A irin wannan hali jami'a ba sai ta goyi bayan abin da ɗalibi ya rubuta ba. Amma inda ɗalibinta yake da halin da yake ciki, wannan cikin ainihin aikinta ne.

Doka ma ta shigo. A Yunin 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya. Manna jerin sunayen waɗanda aka kora ko suka faɗi, da lambobinsu da makinsu, a shafin da duk duniya ke gani, ya sha bamban da manna shi a allon tsangaya, domin na intanet ba ya yagewa, zai bi mutum har ranar neman aiki ko neman aure. Dokar ta kuma buƙaci izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan wanda bai kai shekara 18 ba, ga shi ana shiga jami'a daga shekara 16. Ke nan wasu daga cikin fuskokin da ake ɗauka ranar rantsar da sababbin ɗalibai, a idon doka yara ne.

Filin da ba naka ba

Ranar 5 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter a Najeriya, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Jami'ar gwamnati ba ta da damar bin ta bayan gida kamar yadda ɗalibanta suka riƙa yi, don haka duk mabiyan da ta tara a can sun zama ba ta iya kaiwa gare su. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sai kuma ranar 4 ga Oktoba, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A wannan maraice, jami'ar Arewa da ta dogara kacokan ga kafafen sada zumunta ba ta da baki ko ɗaya.

Wasu kuma da kansu suke tashi. A Janairun 2025 jami'o'i da cibiyoyin bincike fiye da 60 na Jamus da Austriya suka sanar tare cewa sun bar X, suna cewa alƙiblar da dandalin ya ɗauka ta saɓa wa abin da suka tsaya a kai. Ko an kore ka ko ka tashi da kanka, mabiyan ba sa biyo ka a jaka. Shi ya sa jami'ar da ta san abin da take yi take fara ajiye kowace sanarwa a shafinta na intanet, da lamba da kwanan wata, sannan ta watsa ta a sauran wurare. Shi ya sa kuma bai kamata kalmar sirri ta zauna a wayar mutum ɗaya ba, mutumin da gobe za a iya canza masa wurin aiki, ko ya gama hidimar ƙasa ya tafi da ita. Haka ake samun shafuka uku ko huɗu da sunan makaranta ɗaya, kowanne ya tsaya a shekarar da mai shi ya bar aiki.

Saura batun harshe, wanda ya fi kowanne sauƙin gyarawa. Jami'ar Bayero na da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da fassara, ABU da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na yaye masu digirin digirgir a Hausa, amma sanarwar hukuma da Turanci take fita, domin shi ne harshen aiki. Ga ɗalibi wannan ba matsala ba ce. Sai dai ba ɗalibi kaɗai ke bin labarin jami'a ba. Manomin da ya sayar da buhunan masara ya biya rajista, da mahaifiyar da ke jiran a ce an rufe makaranta ko ba a rufe ba, su ne 'yan damfara da masu jita-jita suka fi samu, kuma da Hausa ake zuwa masu, sau da yawa cikin saƙon murya. Tun 2016 Facebook ke da fuskar Hausa. A Nijar, kundin tafiyar da mulki da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, abin da ya sa tambayar ta ƙara kusanto jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram. Jami'o'in Kano da Zariya suna da gidajen rediyonsu na cikin haraba, da ɗaliban aikin jarida da ke neman inda za su gwada hannu, da malaman fassara a ginin da ke kusa. Tun Satumban 2023 WhatsApp ya buɗe tashoshin da hukuma ke iya watsa saƙo ga mabiya ba tare da lambobinsu sun bayyana ba. Ranar komawa makaranta, adadin kuɗin rajista, hanyar da kaɗai ake biyansa, da gargaɗin cewa ba a sayar da gurbi, duka za su shiga saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, a saki a rana ɗaya da takardar Turanci, ɗauke da lamba da kwanan wata iri ɗaya.